NAZARI: Talabijin Mai Lanƙwasasshen Allo, Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Zuba Kuɗinsa

Daga cikin kayan lantarki da har yanzu ake cin karo da su a kasuwar Alaba da ke Legas da shagunan Kano da Kaduna da Abuja, akwai akwatin talabijin mai haɗi da intanet wanda allonsa ya lanƙwashe ciki kamar bakin faranti. Sau da yawa masu sayarwa kan ajiye shi a sahun gaba saboda yana ɗaukar ido, kuma akan yi masa farashi dabam da na takwarorinsa masu shimfiɗaɗɗen allo. Tambayar da ke gaban mai otal, da mai gidan kallon ƙwallo, da dillalin da ke shirin sayo kaya da yawa, ita ce ko wannan lanƙwasa tana ƙara wani abu da ya cancanci ƙarin kuɗi. Wannan nazari ya duba tarihin wannan haja, da ƙirarta, da abubuwan da ke cikinta, da kuma yadda take aiki a irin yanayin ƙasar nan.

Asalin hajar

Dabarar lanƙwasa allo ta girmi talabijin na zamani. Tun a 1952 aka buɗe wani salon majigi mai suna Cinerama a birnin New York na Amurka, inda aka yi amfani da wani makeken allo mai lanƙwasa domin 'yan kallo su ji kamar hoton ya kewaye su. Kamfanonin talabijin sun ɗauko wannan tunani ne bayan shekara sittin. A watan Janairun 2013, a wajen baje kolin kayan lantarki na CES da ake yi a Las Vegas, kamfanoni biyu na Koriya ta Kudu, watau Samsung da LG, suka nuna talabijin mai inci 55 da allon OLED mai lanƙwasa. A cikin shekarar ne suka shiga kasuwar Amurka, na LG a kan Dala 14,999, na Samsung kuwa a kan Dala 8,999.

A 2014 Samsung ya faɗaɗa salon zuwa allon LCD mai ƙarfin 4K, ya fitar da jerin HU9000 mai inci 55 da 65 da 78, har ma kamfanonin biyu suka baje kolin wani samfuri mai inci 105. Sony da wasu kamfanonin ma sun bi sahu na ɗan lokaci. Sai dai kasuwar ba ta daɗe tana ci ba. Zuwa 2017 LG ya mayar da dukan sababbin samfuransa na OLED shimfiɗaɗɗu, Samsung kuma ya riƙa sauko da lanƙwasar daga manyan samfuransa zuwa masu rahusa, irin su RU7300 na 2019 da TU8300 na 2020. Daga nan sai salon ya koma kan allon kwamfuta da na masu wasannin bidiyo.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa a fili take. Akasarin talabijin mai lanƙwasa da za a tarar a shago a yau, ko dai tsohon ajiya ne da ya shekara biyar ko fiye a cikin kwali, ko kuma na hannu ne da aka shigo da shi daga Turai ko Asiya. A kan wannan ya kamata a gina kowane ciniki.

Yadda ake auna lanƙwasa

Kamfanoni kan rubuta wata lamba tare da harafin R, alal misali 4200R. Fassararta ita ce, da za a jera irin wannan allo har ya zagayo ya zama da'ira, tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'irar da gefenta za ta kai milimita 4,200, watau mita 4.2. Saboda haka ƙaramar lamba tana nufin lanƙwasa mai tsanani, babbar lamba kuwa lanƙwasa mai sauƙi. Samfuran Samsung na 2014 sun zo da 4200R.

Masu talla sun kafa hujja da abu uku: cewa lanƙwasar tana faɗaɗa abin da ido ke gani, tana daidaita nisan ido da kowane sashe na allo, kuma tana ba hoto zurfi. Lissafi mai sauƙi zai nuna gwargwadon gaskiyar wannan. Talabijin mai inci 65 yana da faɗin kusan santimita 144 da tsayin santimita 81. Idan aka lanƙwasa shi a kan 4200R, gefunansa biyu za su matso gaba da kusan santimita 6 kawai idan aka kwatanta da tsakiyarsa. A mai inci 55, wanda faɗinsa ke kusan santimita 122, matsowar ba ta kai santimita 5 ba. Mutumin da ya zauna mita 3 daga shimfiɗaɗɗen allo mai inci 65, allon zai cika kusan digiri 27 na ganinsa. Idan mai lanƙwasa ne zai cika kusan digiri 27.4. Ribar ba ta kai rabin digiri ba, abin da mutum zai samu idan ya jawo kujerarsa gaba da tsawon ɗan yatsa.

Game da daidaita nisa kuwa, wannan yana cika ne ga mutum ɗaya tak, wanda ya zauna a daidai tsakiya, a nisan mita 4.2. A wannan nisa kuwa allo mai inci 65 ya riga ya yi ƙanƙanta a ido har ba a bambance tsabtar 4K da ta ƙasa da ita. Wannan saɓani yana cikin ƙirar tun farko: inda lanƙwasar ke da amfani, tsabtar hoton ta ɓace, inda kuma tsabtar ke bayyana, lanƙwasar ba ta daidaita nisan ba.

Hakan ya bayyana dalilin da salon ya samu karɓuwa a kan teburin kwamfuta. Allon Odyssey G9 mai inci 49 da Samsung ya fitar a 2020 yana da 1000R, kuma mai amfani da shi mutum ɗaya ne da ke zaune kusan mita 1 daga gare shi. A nan gefunan suna matsowa da kusan santimita 17, kuma mai kallo yana zaune a daidai tsakiyar da'irar. Abin da ya yi wa akawu ko mai zane amfani a ofis, ba lalle ne ya yi wa iyali ko taron 'yan kallo ba.

Illolin ƙirar

Illa ta farko ta shafi wanda ya zauna a gefe. Yayin da mutum ya kauce daga tsakiya, gefen allon da ke kusa da shi yakan tsuke a idonsa, na nesa kuma ya miƙe, sai layukan da ya kamata su zama miƙaƙƙu, kamar layin filin ƙwallo ko rubutun labarai da ke gudana a ƙasan allo, su bayyana a karkace. A falon da iyali ke zama a kujeru uku da tabarma, ko a gidan kallo mai benci goma, mafi yawan masu kallo a gefe suke.

Illa ta biyu ita ce hasken da ke dawowa daga allo. Allo mai lanƙwasa ciki yana aiki kamar madubin aski mai ƙara girma: ƙwan fitila ko taga da ke bayan mai kallo ba za su fito a matsayin ɗan tabo ba, sai su miƙe su mamaye wani babban sashe na hoton. A ɗaki mai duhu wannan ba matsala ba ce, amma a zauren karɓar baƙi na otal ko shagon da ƙofarsa ke buɗe ga hasken rana, abin yana damun ido.

Ta uku ita ce maƙalawa a bango. Ana iya maƙala shi da ƙarfen da aka saba, amma gefunansa za su tsaya nesa da bango, wayoyi su fito fili, ƙura kuma ta samu wurin taruwa, musamman a lokacin hunturu. Ta huɗu, wadda ta fi shafar dillali, ita ce sufuri da gyara. Kwalinsa ya fi kauri, saboda haka mota ko kwantena na ɗaukar ƙasa da adadin da za ta ɗauka na shimfiɗaɗɗu, kuma allon da aka lanƙwasa ba ya jure matsi idan aka ɗora masa kaya. Idan allon ya fashe, samun madadinsa yana da wuya domin an daina ƙera shi da yawa, kuma a kowane talabijin na zamani allon ne ke cinye mafi yawan kuɗin na'urar.

Abin da ke tabbatar da kyawun hoto

Kyawun hoto ba daga lanƙwasa yake fitowa ba, daga nau'in allo da hasken bayansa da injin sarrafa hoto yake fitowa. Ya kamata mai saye ya san nau'i uku. Allon OLED kowane ɗigo nasa yana ba da haskensa, yana kuma iya mutuwa gaba ɗaya, don haka baƙinsa baƙi ne ƙirin, launinsa kuma ba ya dusashewa daga gefe. Rauninsa shi ne tambarin tasha ko allon maki da ya daɗe a wuri ɗaya yana iya barin inuwa ta dindindin, abin da ya sa bai dace da wurin da ake barin tasha ɗaya tun safe har dare ba. Allon LCD nau'in VA yana da baƙi mai kyau, amma launinsa yana kodewa idan aka kalle shi daga gefe, kuma shi ne aka fi samu a samfuran Samsung masu lanƙwasa, watau an haɗa raunin allon da raunin ƙirar a wuri ɗaya. Nau'in IPS kuwa ya fi jure kallon gefe, sai dai baƙinsa yana kama da toka a ɗaki mai duhu.

Dangane da tsabta, allon 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimla fiye da miliyan 8, ninki huɗu na allon Full HD mai 1,920 da 1,080. Amma akasarin tashoshin da ake kamawa ta dikodar DStv da GOtv da StarTimes ba sa watsa shirye-shirye da 4K, wasu ma ba su kai HD ba. Talabijin ɗin ne ke cike giɓin da kansa, yana ƙirƙiro ɗigon da babu, kuma a nan ne ake gane injin ƙwarai da na banza. Saboda haka hoton furanni da tsuntsaye da ake kunnawa a shago ba ma'auni ba ne, domin an shirya shi musamman don talla. Mai saye ya nemi a haɗa dikoda a sa tashar labarai ko wasan ƙwallo.

Har ila yau akwai alamar HDR da ake bugawa a kwali, wadda ke nufin faɗaɗa tazara tsakanin haske da duhu. Samfura masu rahusa suna karɓar irin wannan hoto amma haskensu bai isa ya nuna bambancin ba. Ya kamata kuma a sani cewa talabijin na Samsung ba ya karɓar tsarin Dolby Vision, yana amfani da HDR10 da HDR10+ ne. Ga masu kallon ƙwallo, saurin sabunta hoto yana da muhimmanci: allon da ke sabuntawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa ya fi nuna gudu ba tare da dishi-dishi ba fiye da mai 50 ko 60. Kamfanoni kan rubuta wata babbar lamba ta talla wadda ba ita ce ainihin saurin allon ba, don haka a duba takardar bayanin samfurin. Sauti kuwa, siririn jiki ba ya barin wurin lasifika mai ƙarfi, kuma duk mai babban zaure ya sa kuɗin ƙarin lasifika a cikin lissafinsa.

Manhaja da intanet

Abin da ya sa ake kiran talabijin mai haɗi da intanet shi ne manhajar da ke cikinsa, wadda ke buɗe YouTube da Netflix da makamantansu ba tare da dikoda ba. LG ya fara amfani da webOS a 2014, Samsung ya koma kan Tizen a 2015, Sony ya ɗauki Android TV a 2015, Hisense kuma yana da VIDAA. Matsalar ita ce manhaja tana tsufa kafin allo ya tsufa. Kamfanonin da ke watsa finafinai kan janye tallafinsu daga tsofaffin samfura, sai mutum ya wayi gari allonsa lafiya lau amma manhajar ta ƙi buɗewa. Alƙawarin da Samsung ya yi a 2024 na sabunta Tizen har shekara bakwai ya shafi sababbin samfura ne, bai haɗa da masu lanƙwasa na 2014 zuwa 2020 ba. Ana magance wannan da 'yar na'urar da ake sokawa a ramin HDMI, amma idan haka ne babu dalilin biyan ƙarin kuɗi saboda manhajar da ke ciki.

Sai kuma kuɗin data. Bisa bayanin kamfanin Netflix, kallon awa ɗaya da HD yana iya cin gigabait 3, da 4K kuwa har gigabait 7, kuma yana buƙatar layi mai gudun megabit 15 a daƙiƙa. Fim ɗaya na awa biyu da 4K yana iya lashe gigabait 14 ke nan. Duk wanda ba shi da layin intanet mara iyaka zai ƙare yana kallon hoto mai ƙarancin tsabta a kan allon da ya saya don tsabtarsa.

Wani abin lura ga masu shigo da na hannu shi ne na'urar kama tasha. Nijeriya tana bin tsarin DVB-T2 a shirinta na komawa watsa shirye-shirye na dijital, wanda aka fara gwajinsa a Jos a 2016. Talabijin da aka ƙera don kasuwar Amurka ko Koriya ta Kudu yana bin tsarin ATSC ne, na Japan kuma ISDB, don haka ba za su kama tashoshin dijital na gida da eriya kai tsaye ba. Wasu na Amurka da Japan an yi su ne don wutar da ba ta wuce bolt 120 ba, alhali wutar ƙasar nan bolt 230 ce. A karanta takardar da ke manne a bayan akwatin kafin a soka shi a wuta.

Wutar lantarki

Wannan shi ne ɓangaren da ɗan kasuwa ya fi saurin mantawa. Alal misali, a ɗauka talabijin yana cin wat 150 kuma yana aiki awa 10 kullum. A wata zai ci kilowat-awa 45. A kan farashin Naira 225 da hukumar NERC ta ƙayyade wa rukunin Band A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya kama Naira 10,125 a wata. Otal mai irin wannan akwati 30 zai biya Naira 303,750. Idan da janareto ko inbata da batir ake aiki, nauyin ya fi haka. Tsofaffin samfura galibi sun fi sababbi cin wuta, saboda haka rahusar da aka samu ranar saye tana iya komawa aljihun kamfanin rarraba wuta a hankali. Bugu da ƙari, hawa da saukar wuta ne ke yawan ƙona sashen karɓar wuta da fitilun bayan allo, don haka sitabilaiza da na'urar kare tsawa ba ado ba ne, sashe ne na kuɗin sayen.

Gwajin da za a yi a shago

Gani ya kori ji, kuma minti goma sha biyar sun isa a yi gwajin da zai hana asara. Da farko a karanta lambar samfurin a bayan akwatin, a kwatanta da wadda manhajar ke nunawa a sashen bayanin na'ura. Idan suka saɓa, an sauya jiki ko an manna sunan wani kamfani. Daga lambar kuma za a gane shekarar ƙira. Na biyu, a sa hoto fari fat, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, a matso kusa a nemi mataccen ɗigo, ko gajimaren haske a kusurwoyi, ko inuwar tsohon tambari. Na uku, a sa wasan ƙwallo a tsaya a tsakiya, sannan a taka taku uku zuwa dama da hagu a ga yadda launi da layuka ke sauyawa. Na huɗu, a kunna tocila daga bayan kafaɗa a ga yadda allon ke mayar da haske. Na biyar, a haɗa shi da intanet a buɗe manhajojin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya, a gwada kowane ramin HDMI da na USB da kuma rimot.

Bayan haka sai takardu. Sabon kaya ya zo da rasit mai ɗauke da lambar siriyal da takardar garanti mai nuna inda za a kai gyara a cikin ƙasa. Mai shigo da kaya ya tabbatar da takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, kuma ya tuna cewa dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar kai ƙara idan aka sayar masa da kaya bisa bayanin ƙarya. Sayar da tsohon ajiya da sunan sabon yayi yana iya jawo wa shago abin da ya fi ribar.

Wa ya dace da shi

Talabijin mai lanƙwasa ya dace da mutum ɗaya ko biyu da ke kallo daga kujera ɗaya a ɗaki mai labule, musamman idan allon ya kai inci 65 kuma an same shi a farashin da bai wuce na shimfiɗaɗɗe mai irin ingancinsa ba. Bai dace da gidan kallon ƙwallo ba, ko zauren otal, ko ɗakin taro, ko banki da asibiti inda ake maƙala allo a bango don jama'a su gani daga kowace kusurwa. A irin waɗannan wurare, kuɗin da za a ƙara saboda lanƙwasa ya fi amfani idan aka sa shi a allo mafi girma ko mafi haske.

Ga dillali kuwa, darasin ya wuce wannan haja. Talabijin mai hoton 3D ya bi irin wannan hanya: an yi ta tallarsa daga 2010, amma zuwa 2017 manyan kamfanoni sun daina ƙera shi, aka bar masu shaguna da kaya a hannu. Tun bayan sakin darajar Naira a watan Yunin 2023, kuɗin maye gurbin kayan da aka shigo da su ya tashi ƙwarai, kuma jarin da ya kwanta a kan hajar da ba ta tafiya ya fi da ciwo. Wanda ke da irin waɗannan akwatuna a ajiye, gara ya sayar da su a kan gaskiyar shekarunsu ya juya kuɗinsa. Wanda kuma ake yi wa tayin sabon kaso, ya auna shi da ma'aunin kowane talabijin, watau nau'in allo, da haske, da shekarar manhaja, da cin wuta, da garanti, ya kuma ɗauki lanƙwasar a matsayin abin da ke rage farashi, ba abin da ke ƙara shi ba.